Maƙwabciyarmu Mai Koren Hijabi

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Rukayya, ƙawata da muka zauna ɗaki ɗaya a unguwar Sentul ta Kuala Lumpur muna karatu. Kowace shekara nakan yi mata addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana kuwa hankalina a tashe yake, domin Umma, mahaifiyarta, za ta iso Kuala Lumpur sati mai zuwa ta ga kabarin 'yarta karo na farko, kuma akwai wadda ta ce lallai in kai ta su gaisa.

Lokacin kullen korona abin ya faro. Ba makaranta, ba fita sai dai a sauka shagon abincin da ake kira mamak a yi tapau, wato a hau da abinci a leda. Rukayya ta samo mana wani katun na Japan, irin wanda ake kira anime. Na yi mata tsiya, na ce ƙatuwa da ita tana kallon abin yara. Ashe labarin manyan mata ne, ƙawaye masu kiɗan rok, aiki da soyayya suna neman raba su. Kafin kashi na biyar ni ce mai sharar hawaye. Ita ba ta yi kuka ba, gita ta sa aka kawo mata.

Ta dage har yatsunta suka yi kanta. Kiɗan bai taɓa yin daɗi ba, Allah ya jiƙanta, amma ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin na lokacin ba. Matsalar ita ce gidansu a Kano ko waƙar biki ba a kunnawa. Don haka duk sanda Umma ta kira ta bidiyo, sai ta jingine gitar a lungu, ta rufa mata koren hijabin da ta saya a kasuwar Masjid India.

Ran nan Umma ta ce, "Wace ce can a zaune?"

"Maƙwabciyarmu ce, Umma. Ba ta jin Hausa."

"Allah sarki, baiwar Allah mai kunya. Ku gaishe ta."

Mun yi dariya har da riƙe ciki. Bayan wata biyu cutar ta kama Rukayya, aka kai ta asibitin da ko ni ba a bari na shiga ba. A nan Kuala Lumpur aka binne ta, ba ɗan'uwa ko ɗaya. Umma tana kuka ta tambaye ni ko maƙwabciyar nan ta tsaya mata. Na ce ta tsaya. Tun daga nan kowace Sallah sai ta aiko mata gaisuwa, jiya kuma ta ce min, "Zulai, na saya mata turmin atamfa."

Da Rukayya na nan, ta ga an cire takunkumi, jirgin ƙasa na LRT ya cika maƙil, ta gan ni na kasa cin abinci saboda gita, na san dariya za ta yi ta ce da yaren garin nan, "Boleh lah, za ki iya, faɗa mata kawai." Ita ce mai ƙarfin halin, ni matsoraciya ce. Ina tsoron in ƙwace wa uwa abin da ta riƙe shekara huɗu, ina kuma tsoron ta koma Kano ba ta san wace ce 'yarta ba.

Abin da ya rage min na Rukayya bai da yawa: kashi uku na ƙarshe na katun ɗin da ba mu kalla ba, da gita mai tsinkakkiyar igiya, da hijabin da har yau ban wanke ba. Umma, idan an karanta miki wannan kafin ki taso, ki yafe mana mu biyu. Maƙwabciyar tana nan, ita ta ɗebe wa 'yarki kewa a kwanakinta na ƙarshe a ɗakinmu. Ki taho da atamfar.