Baƙin Zare a Gidan Haihuwa

Wani kantin kek na Faransawa da ke ƙasan wani babban benen kasuwanci a Nihonbashi ya raba Kuramochi Tomie da jikarta. Ta sayi kwalin kek na barkar haihuwa, suka ɗora masa takardar makoki, suka rubuta sunanta a jiki, suka lulluɓe da wata takarda mai ruwan zinariya, suka miƙa mata da hannu biyu. Yau sati biyar ke nan, kuma har yanzu sun ƙi buɗe baki su ce su suka yi.

Shekarar Tomie sittin da huɗu. Daga wani ƙauyen Akita ta sauko Tokyo tana 'yar sha takwas, da jaka ɗaya da adireshin gwaggonta. Shekara talatin da ɗaya tana guga a gidan wankin da ke karɓar zannuwan gadon asibiti a Adachi, har tururi ya shafe mata zanen yatsu. Mijinta direban tasi ne, ya mutu ɗansu Takuma bai gama sakandare ba, ita ta ƙarasa rainonsa da dutsen guga. Takuma ya girma ya auri Chinatsu, suka haifi Suzune. Yarinyar tana shekara uku ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, bai sake tashi ba. A watan Agusta ne.

Ba za a ɓoye laifin Tomie ba. Bayan shekara biyu Chinatsu ta zo ta durƙusa ta ce za ta auri wani mai suna Iwabuchi. Tomie ta dubi hoton ɗanta, ta dube ta, ta ce, "Turaren da ke gabansa ma bai gama ci ba, har kin gaji da jira?" Magana ɗaya ce, amma ta ci mata shekara biyu. A cikin shekarun nan ba ta ga Suzune ba sai a katin gaisuwar sabuwar shekara. Ta rubuta wasiƙun ban haƙuri, ta aika shinkafar Akita duk kaka, ta haɗiye duk abin da ya kamata ta haɗiye. Sai bana, da Chinatsu ta haifi namiji, waya ta yi ƙara.

"Mama, ki zo ranar Lahadi ki ga jariri. Suzune ta dame mu da zancenki."

Mama ta ce mata, kamar da. Tomie ta ajiye wayar ta zauna a ƙasa daɓas.

Washegari a wurin aiki ta tambayi Etsuko, abokiyar gugarta, abin da za ta riƙa. Ta ce tana tunanin wainar wake ta tsohon nan na bakin tasha.

"Wainar wake? Gidan Iwabuchi?" Etsuko ta ajiye zanen da take ninkewa. "Ke Tomie, ƙauyancin nan ba zai bar ki ba har ki mutu. Mutumin da ke aikin banki za ki kai wa wainar bakin tasha a leda? Ki je Nihonbashi, wurin Faransawan nan. Kwalinsu kawai za a gani a san kin girmama gidan."

"Ni ko sunan abin ban iya faɗa ba."

"Wa ya ce ki faɗa? Yatsa gare ki, ki nuna. Kuma ki cire takalmin nan na aiki, kada su ɗauka shara kika zo yi."

Ranar Asabar ta sa rigar da ta sa a bikin Takuma ta tafi. Tsakiyar Agusta ce, makon da kowa ke tunawa da matattunsa, ƙasan benen ya cika da masu sayen abin da za su ajiye gaban hotunan iyaye. Kantin Faransawan yana can ƙurya, sanyi na fita daga cikinsa. Kek a jere cikin gilashi kamar zobba, wannan kore, wannan ruwan hoda, wannan an ɗora masa ɗan ganyen zinariya, kowanne zaune a gidansa na takarda. Masu sayarwa sanye da farar safar hannu. Tomie ta tsaya a baya ta bar mutum shida suka wuce ta, tana ɓoye hannuwanta a bayan jaka. Da ta matsa, sai ta nuna kwali mai guda goma sha biyu. Kuɗinsa ya kai gugar yini biyu, ba ta ko ƙifta ido ba.

Matar da ke sayarwa ta ba ta 'yar takarda ta cike, don a shirya takardar zare da ake ɗora wa kyauta, wadda launin zarenta ke nuna ko ta murna ce ko ta makoki. Tomie ta ja layi a ƙarƙashin barkar haihuwa, ta rubuta sunanta harafi bayan harafi.

"Takardar zaren a cikin naɗin za a sa, ko a waje?" in ji matar.

Tomie ta tuna jirgin ƙasa biyu za ta hau, ga cunkoso, ga zufa. Kuma ba ta son shiga gidan mutane da sunanta a gaba kamar mai talla. Ta ce a ciki. Aka tafi da kwalin bayan labule, aka dawo da shi a naɗe, kusurwa huɗu tsaf, har da ƙanƙara a gefe kada ya narke. Matar ta zagayo ta miƙa mata, ta rusuna har sai da ta ɓace. Tun da take a duniya ba a taɓa rusuna mata haka ba.

Ranar Lahadi ta isa gidan Iwabuchi a Kawagoe. Suzune, 'yar shekara bakwai, haƙoran gaba biyu sun fita, ta rugo ta rungume ƙafafunta.

"Kaka, kin ƙara gajarta!"

"Ke ce kika yi tsawo, sarkin surutu. Ina haƙoranki? Kin sayar?"

Aka ba ta jariri ta riƙe. Iwabuchi da kansa ya zuba mata shayi. Chinatsu ta karɓi kwalin da hannu biyu ta ce, "Haba Mama, wannan ai ya yi yawa," ta kai shi ciki, don ba a buɗe kyauta a gaban mai ita. Da za ta tafi suka raka ta har tasha, Chinatsu ta ce wata mai zuwa Suzune za ta je ta kwana biyu a wurinta. Tomie ta dawo gida ta wanke ƙaramar katifa ta shanya, ta sayi buroshin haƙori na yara.

Ranar Laraba mai kai saƙo ya buga ƙofa. Kwalin ne. An cire takardar zinariyar, kek goma sha biyu suna nan ba a taɓa ko ɗaya ba, sun narke sun haɗe. A samansa ga takardar zaren. Ba ja da fari ba ne mai ƙullin da ake kwancewa, na abin da ake fatan ya maimaitu. Baƙi da fari ne, ƙulli gam. A sama an rubuta abin ajiyewa gaban mamaci, a ƙasa Kuramochi Tomie, da kyakkyawan rubutu.

Uwar mijin da ya mutu ta kai wannan gidan jariri ɗan kwana ashirin, a makon da ɗanta ya cika shekara huɗu da rasuwa. Duk wanda ya san abin da ta faɗa a baya, me zai ɗauka?

Ta kira sau tara kafin Chinatsu ta ɗaga.

"Chinatsu, ki saurare ni, ban gani ba, a ciki suka sa..."

"Kuramochi-san." Ba Mama ba, da sunan gida ta kira ta kamar baƙuwa, muryar a bushe. "Suzune ce ta buɗe. Ta iya karatu yanzu. Ta tambaye ni ko ƙanenta zai mutu."

"Kantin ne suka yi kuskure. Ina da takardar da na cike."

"Kanti irin wannan ba ya irin wannan kuskuren. Kin zauna kin sha shayinmu, kin riƙe min ɗa, alhali kin san abin da ke cikin kwalin. Don girman Takuma nake roƙonki, kada ki sake kira."

Ta aika hoton takardar da ta cike. Ba a buɗe saƙon ba. Ta aika wasiƙa, aka dawo da ita a rufe.

Sai ta ɗauki kwalin da ya fara tsami ta koma Nihonbashi. Manajan, wani mai suna Nagase, ya ja ta wani ɗan ɗaki a baya, nesa da masu saye. Ya duba takardarta, ya duba tasu, ya ga layin da ta ja a ƙarƙashin barkar haihuwa. Ya miƙe ya rusuna, ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce a makon nan kusan duk kwalin da ya fita na matattu ne, mai naɗin ta miƙa hannu ta ɗauko takardar zare daga tarin da ta saba. Ya faɗa da bakinsa, a cikin ɗaki, ba kowa sai su biyu. Sannan ya turo mata ambulan da kuɗinta, da sabon kwali mai guda ashirin da huɗu.

"Ba kek nake so ba," in ji Tomie. "Ka rubuta abin da ka faɗa yanzu. Layi biyu, ka buga hatiminku."

"Wannan sai babban ofis, baƙuwarmu mai daraja."

"To ka ɗauki waya ka faɗa wa surukata. Minti ɗaya. Ga lambar."

"Ba mu da izinin kiran wanda bai yi sayayya a wurinmu ba."

"To zo mu je tare. Ni zan biya maka jirgi."

Ya sake rusunawa. Tomie ta sauka daga kujera ta durƙusa, ta kafa goshinta a ƙasa a gaban yaron da bai kai ɗanta ba da yana raye. Ta ce jika ɗaya gare ta, ba ta da kowa bayanta. Nagase ya rikice, ya durƙusa shi ma, yana cewa don girma ta ɗago. Suka yi ta sunkuya wa juna kamar kaji a kan tsaba, ba wanda ya rubuta komai.

Bayan kwana goma amsar babban ofis ta zo, a takarda mai kauri mai ƙamshi. Wai suna baƙin cikin duk wani rashin jin daɗi da ta samu. Wai ba sa shiga al'amuran iyali. Ba kalmar zare, ba kalmar kuskure, ba ranar da abin ya faru. Etsuko ta karanta sau biyu ta wurgar a kan teburin guga.

"Lauya ne ya rubuta wannan. Tsoro suke ki kai su ƙara."

"Ni ƙara? Ban san ƙofar kotu ba."

"Ni na tura ki wurin 'yan banzan nan," in ji Etsuko, idonta ya ciko. "Da wainar waken kika kai, da yanzu yarinyar tana ɗakinki tana ɓata miki tabarma."

Tun daga nan duk ranar hutunta Tomie tana Nihonbashi. Ba ta ihu, ba ta zagi. Tana tsayawa gefen gilashin da jakarta a hannu har Nagase ya fito, ta roƙe shi layi biyu, ya rusuna, ta tafi. A zuwa na huɗu mai gadi ya tare ta tun a matakala, ya ce tsayuwarta tana damun masu saye. Ta rame har siket yana juyawa a ƙugunta. Sau biyu ta ƙona hannu a injin guga, abin da ba ta yi ba tun tana sabuwa.

Satin da ya wuce ta kasa daurewa ta hau jirgi zuwa Kawagoe. Ba ta buga ƙofa ba, ta tsaya a tsallaken titi. Iwabuchi ne ya hango ta ya fito. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce Chinatsu ba ta barci, nononta ya ɗauke, Suzune kuma tana tashi ta je ta taɓa ƙirjin jariri ta ji ko yana numfashi. Ya ce bankinsa ya mayar da shi Sendai, ƙarshen wata za su kwashe kaya, kuma matarsa ta ce ba za a ba da sabon adireshi ba.

"Ni ina so in yarda da ke," in ji shi. "Amma in da gaske kantin ne, me ya hana su faɗa? Ko 'yar takarda ce su ba ki. Zan ajiye mata a gabanta da hannuna."

Tomie ta buɗe jaka ta ciro wasiƙar mai ƙamshi. Ya karanta a tsaye, ya ninke, ya mayar mata.

"Wannan ba ta ce komai ba."

Saura kwana goma sha ɗaya motar kaya ta zo gidan Iwabuchi. Ku masu kantin, da ku na babban ofis da ba a ganin fuskarku, kun san abin da ya faru, takardar tana cikin aljihun teburinku. Ba a ce ku kori mai naɗin ba, ba a ce ku biya ko yen ɗaya ba. Ku rubuta cewa Kuramochi Tomie barkar haihuwa ta nema, ku kuka sa na makoki. Ku buga hatimi. Ku ba Nagase ya hau jirgin Kawagoe ya miƙa wa Chinatsu hannu da hannu, ya faɗa da bakinsa a gaban yarinyar, kafin ranar talatin ga wata.