Baffa da Mai Sauraro a Cikin Waya

Shekarar da labari ya bazu cewa wayoyi suna sauraron masu su, ina koyarwa a Karaye, ƙarshen mako kuma ina zuwa Ruwan Bago wurin Baffa, ƙanin mahaifina. Manomin gyaɗa ne, magana ba ta dame shi ba. Labarin ya iso masa ne ta saƙon muryar wani mutum da bai faɗi sunansa ba amma ya yi ta rantsuwa.

Baffa bai kula ba, sai ranar da ya yi wa matarsa ƙorafin ciwon gwiwa, da la'asar ya buɗe waya ya ga tallan maganin gwiwa. Na iso na same shi zaune a ƙofar gida. Wayar tana cikin rumbu, ƙarƙashin dawa.

Da muka gama gaisawa ya ce, "Kai da ka yi boko, wa ke ji?"

Na ce, "Wallahi ban sani ba, Baffa."

Ya dube ni, bai ƙara tambayata komai ba.

Wurin liman ya fara zuwa. Liman ya ce shi ma tasa wayar tana cikin tukunya, ya rufe da faifai. Ranar kasuwa na goya Baffa a babur zuwa Rogo wurin mai gyaran waya. Muka tarar da dattawa jere a benci, kowa ya riƙe tasa nesa da baki, ana gaisawa da raɗa. Mai gyaran ya gaji da bayani, don haka duk wanda ya miƙo, sai ya liƙe ramin da murya ke shiga da salatif. Baffa ya yi godiya ƙwarai.

Bayan 'yan kwanaki 'yarsa da ke aure a Unguwar Hajji ta kira. Ta ji an ɗauka, ba ta ji magana ba. Ta sake kira, haka. Kafin azahar ta sauka daga acaɓa tana kuka, ta tarar da ubanta yana ɓarar gyaɗa lafiya lau.

Matar Baffa ta ɗauki wayar, ta ɓanɓare salatif ɗin da farce.

"Malam," in ji ta, "ni da nake gida ɗaya da kai, ban taɓa jin ka faɗi abin da wani zai sata ba."

Baffa ya karɓi wayar, ya kai bakinsa, ya ce, "Salamu alaikum, wanda ke ji. Ina gajiya?"

Ya ɗan jira, sannan ya sa ta a aljihu, ya ce a kawo wa 'yarsa fura.