Kawuna Mai Haƙar Rijiya da Jiragen Ƙarƙashin Teku

Har yau da nake da jikoki ban taɓa ganin teku ba. Amma a shekarun farko da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu ina da kaset bakwai na finafinan yaƙin ruwa, kuma duk cikin kayan shagona babu abin da nake ji da shi kamar su.

Gyaran rediyo da talabijin nake yi a Daura, a wani ɗan shago kan hanyar da ke gangarawa Kusugu. Wani direban babbar mota mai zuwa Legas ne ya kawo mini bidiyonsa gyara, kaset ya maƙale a ciki. Da na ciro na gwada, sai ga waɗansu sojojin ruwa cunkushe a cikin jirgi mai nutsewa ƙarƙashin teku, gumi na zuba, kowa ya yi tsit yana kallon rufi, a samansu jirgin abokan gaba na sako bama-bamai. Ban ƙara taɓa wani aiki ba har aka kira La'asar. Daga ranar, duk tafiyar da direban zai yi sai na roƙe shi ya nemo mini irinsu. Uku na manyan jirage ne masu igwa, waɗanda ke harbin juna daga nesa. Sauran na masu nutso ne, kuma su na fi so.

Abokin kallona shi ne Kawu, yayan mahaifiyata, mai haƙar rijiya a wani ƙauye gefen Dutsi. Duk ranar kasuwa yakan shigo gari, ya kai wa maƙeri digarsa, ya yi Azahar, sannan ya zo ya zauna a bencin da ke can ƙuryar shagona. Ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya, ni ma nawa na takardar gyara ne. Duk da haka shi ke yi mini bayani.

"Ka ga wancan da yake hamma? Ba barci yake ji ba, iska ce ta fara ƙare musu. In ka kai gaba ashirin a ƙasa haka take farawa, sai kai ya yi nauyi. Shi ya sa muke zura fitila tukuna, in ta mutu ba mai shiga."

Finafinan manyan jirage ba su dame shi ba, yakan ce waɗannan ai suna ganin sama. Amma da zarar jirgi ya nutse, ƙarfensa ya fara ƙara saboda nauyin ruwa, sai ya ajiye goronsa ya matso. Akwai wurin da ruwa ya fasa ɗaki guda, kyaftin ya sa aka kulle ƙofa alhali da mutum a ciki. Na ce wannan kyaftin ba shi da imani. Kawu ya ce, "Ɗana, in bai kulle ba duka za su tafi. Kar ka zagi mutumin da ba ka taɓa tsayawa inda ya tsaya ba." Daga baya mahaifiyata ta gaya mini cewa tun kafin a haife ni rijiya ta taɓa ruftawa da abokin aikinsa, kuma Kawu ne ya hana wani mutum sauka ya ciro shi.

Da aka rufe gidajen kallo na gari ban ce komai ba. Na san abin da ake nunawa a wasunsu, kuma ni ma na je taron ƙaddamar da shari'a da ƙafata, na yi kabbara tare da kowa. Abin da ban yarda da shi ba, har gobe, shi ne abin da aka yi mana da sunanta.

Maƙwabcin shagona mai faci ne. Shekara da shekaru muna gaisawa, yakan leƙo ya tsaya a bakin ƙofa ya kalli jiragen nan na ɗan lokaci, har ya tambayi wa ya ci yaƙin. Sai waɗansu matasan unguwa suka kafa wa kansu kwamiti na gyaran tarbiyya. Ba hukuma ta naɗa su ba, ba fada ba, su suka naɗa kansu, shi kuma ya zama shugabansu. Ya daina leƙowa. Ban kawo komai a raina ba.

Wata ranar kasuwa direban ya kawo mini kaset na bakwai, sabo, ba mu taɓa gani ba. Muka saka bayan Azahar. An kai wurin da jirgin ya faɗi can ƙasan teku, inji ya mutu, mutane na kwashe ruwa da bokiti. Kawu ya dafa gwiwa yana cewa a hankali, "Ku rage magana, ku rage magana." Sai mutum huɗu suka faɗo shagon ba sallama, mai faci a gaba. Ɗaya ya fizge waya daga bango, hoto ya ɗauke.

"An ce ka buɗe gidan kallo a ɓoye," in ji mai faci, kamar bai san cikin shagon ba.

Na ce, "Wa ya ce? Mu biyu ne, ni da kawuna. Kai ma ka sha tsayawa a nan ka gani."

Bai kalle ni ba. Suka kwashe kaset shida da ke kan kanta suka zuba a buhu. Na bakwai yana cikin bidiyo, ba wuta ba ya fitowa, suka yi ta danne-danne suka gaji suka bar shi. Da a nan suka tsaya da tuni na manta. Amma ɗaya daga cikinsu, wanda bai kai jikan Kawu ba, ya juya ya ce masa, "Da furfurarka, maimakon ka riƙe carbi, ka zo kana kallon banza. Tsohon banza kawai."

Ranar kasuwa ce, mutane sun taru a ƙofa, har da 'yan ƙauyensu. Na yi kan yaron, Kawu ya riƙe mini hannu da irin riƙon da yake yi wa igiya. Ya saki, ya sa takalminsa, ya ɗauki digarsa, ya ratsa mutane ya tafi.

Washegari na kai ƙara wurin mai unguwa. Ya kira mai faci, ya kira limamin masallacinmu, wani dattijon malami da ya karantar da rabin unguwar. Na ce, "Ranka ya daɗe, abu guda nake roƙo. A kalli abin da aka ce banza ne, sannan a yi mini hukunci." Na ɗauko ƙaramar talabijin da bidiyon, kaset na bakwai na ciki, na haɗa a zaure.

Liman ya gyara tabarau ya kalla, ya fi awa guda bai motsa ba. Can ya ce, "To ina matan?"

"Babu, Allah gafarta Malam."

"Rawa fa, ko waƙa?"

"Babu. Daga farko har ƙarshe maza ne a cikin ƙarfe suna neman yadda za su tsira."

Ya ƙara kallo kaɗan, ya tambaye ni abin da suke ci a can ƙasa, sannan ya ce a kashe. Ya ce shi bai ga abin hanawa ba matuƙar bai sa mutum ya makara salla ba. Ya juya ga mai faci ya ce wanda ya shiga wa mutum wuri ba sallama, ya ci mutuncin dattijo a bainar jama'a, shi ke da abin tuba. A mayar da kaya.

Mai faci ya sunkuyar da kai ya ce an riga an ƙone su tun jiya da yamma.

Liman ya ce, "Kun kalli ko ɗaya kafin ku ƙone?"

"Ba mu kalla ba. Amma a bangon kaset ɗaya akwai hoton Bature ba riga."

Wannan ce hujjarsu ke nan, wani mai zuba wa inji mai da ya tuɓe riga saboda zafi. Shi kansa mai facin haka yake aiki da rana tsaka, kowa na wucewa yana ganinsa. Mai unguwa ya umarce shi da ya ɗauki yaron su je har ƙauye su ba Kawu haƙuri. Ya ce to. Ba su je ba, ba kuma wanda ya ƙara bin maganar.

Mako biyu Kawu bai shigo gari ba. Na ɗaure talabijin da bidiyo da ƙaramin janareta a bayan babur na tafi. Na same shi a gonar wani mutum, yana fitowa daga rami, jikinsa duk jar ƙasa. Na gaya masa abin da liman ya ce, na ce na zo mu ƙarasa a gidansa, inda ba mai shigo mana.

Ya wanke fuska, ya zauna kan tarin ƙasa. "Shekara arba'in ina shiga ƙasa don mutane su sha ruwa, ba wanda ya taɓa ce mini banza. Mutanen garinmu sun ji. Mayar da kayanka, ɗana."

Na yi magiya, ya ƙi. Har na fara juya babur zan tafi sai ya ce, "Waɗannan mutanen, sun fito?"

Na zauna kusa da shi na ba shi labari da baki. Yadda mai gyaran inji ya kwana biyu bai runtsa ba, yadda suka tara sauran iskar da ta rage suka tura ruwa waje, jirgin ya girgiza ya fara tasowa, aka buɗe murfi mutane suna ture juna don su shaƙi iska. Ya tambayi mutum nawa suka rasa, na ce uku. Ya gyaɗa kai ya ce sun yi ƙoƙari.

Ya ci gaba da zuwa kasuwa bayan haka, yakan tsaya a bakin shagona mu gaisa, ya tambayi yara, amma bai ƙara taka cikinsa ba har Allah ya karɓi ransa. Mai faci yana cikin waɗanda suka zo mini gaisuwa. Ya miƙo hannu na karɓa, domin wurin makoki ne. Har yanzu yana nan a gefen shagona, ya tsufa kamar ni. In ya yi sallama ina amsawa, daga nan ba na ƙara komai.