Ranar da Surukina Ya Karanta Mini Faransanci

Daga Bagudo har inda ƙasarmu ta ƙare aka shiga Benin, ba a yi kwamfutar da ta gagare ni ba. Haka nake faɗa a shagona, haka nake faɗa a teburin mai shayi, in kuma na ga ana saurare sai in ƙara da cewa akwai wadda ta shekara uku a mace, tari kawai na yi kusa da ita ta farka. Wannan bakin nawa ne ya kai ni Illo a shekarar da ciwon huhu ya shiga shanu.

Surukina, mahaifin matata, dillalin shanu ne a Illo, kuma shi makiyayan yankin suka ɗora a gaba. Mutum ne da ba ya yawan magana. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, in na gaishe shi daga tsugune nake, kuma duk barkwancina a ƙofar gidansa nake cire shi tare da takalmi.

A shekarar, wani likitan dabbobi, mutumin kudu da ya daɗe a Bagudo har Hausa ta zauna a bakinsa, ya samo bidiyoyi da Fulatanci masu nuna yadda ake gane ciwon da wuri da amfanin rigakafi. Makiyaya sun ƙi allura. An taɓa tara su sau biyu, masu allurar daga gari ba su zo ba, suka yini a rana suka koma. Surukina ya bi ruga-ruga da ƙafarsa, ya ce su zo sau ɗaya tak, su gani da idonsu; in wannan karon ma aka ɓata musu yini, kada su sake amsa kiransa. Ya sayo tsofaffin kwamfutocin tebur guda goma daga tsallaken iyaka, aka jera su a zauren ƙungiyar makiyaya. Manhajar da ta zo a cikinsu ba ta buɗe bidiyon likita, sai a saka musu wata. Surukina ya ce ai yana da mutum a gida.

Na isa ana gobe taro, bayan azahar. Ina kunna ta farko na tarar komai na cikinta Faransanci ne. Ni kuwa iyakar Faransancina gaisuwa ce da kuɗin acaɓa, amma na sha gaya wa mutane cewa in na shiga Benin har gyara wa 'yan can magana nake yi. In na girka manhajar yadda kowa ke yi, za ta dinga jefo mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ga likita tsaye a kaina.

Sai na tuna da dabarar da muke kira girkin shiru. Za ka rubuta umarni layi ɗaya a ɗan fayil, ka ce wa manhaja ta shiga ba tambaya, ba nuna komai a allo. Na gwada a laftof ɗina, ta shige sumul. Na bi goman nan da filas, ɗan ma'ajin da na kwafe manhajar a ciki, ina latsawa ina wucewa. Wata baƙar taga takan ƙyafta ta ɓace, shi ke nan.

“Har ka gama?” in ji likita.

“Likita, aikin manya ba ya ƙara. Su da kansu za su ƙarasa. Ina ake gasa kifi a garin nan?”

Na tafi cin kifi ban buɗe bidiyo ko ɗaya na gani ba.

Washegari da hantsi suka fara isowa, wasu a babur, wasu a ƙasa da sandunansu a kafaɗa. Sun bar shanu a hannun iyali, kuma kowa ya san dole su juya kafin lokacin shayarwa. Aka tayar da janareto. Surukina ya zauna a gaba tare da ardo, dattijon da in ya tashi kowa zai tashi. Likita ya latsa bidiyon farko. Allo ya yi baƙi. Ya matsa ta biyu, haka. Ta uku ma.

Ya sunkuyo kunnena. “Oga injiniya, manyan naka ba su ƙarasa ba.”

Na duba jerin manhajojin da ke cikin injin. Babu tawa, ko ƙurarta. Na sake latsa fayil ɗin, taga ta ƙyafta ta ɓace kamar jiya. A nan na gane abin da ban yi tunani ba: a girkin shiru, shiga da ƙin shiga kamarsu ɗaya. Na ce ko izini ne babu, na sake bugawa da ikon mai gida, wato cikakken izinin injin. Shiru. Na ce ko filas ne ya lalace, na kwafe fayil ɗin cikin injin. Shiru. Na kashe manhajar tsaro, na gyara agogon da ke nuna wata shekara ta daban, na kashe na kunna. Gumin da na yi a zauren nan, da an tare shi da an yi noman rani.

Ba wanda ya yi gunaguni, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. Mutanen nan ba sa nuna fushi a gidan wani. Sai dai na ga ɗaya ya leƙa waje ya duba inuwa, ya dawo. Can wasu uku a baya suka miƙe a hankali, suka ɗauki sandunansu, na ji babur ya tashi. Surukina bai waiwaya ba. Carbinsa dai ya tsaya a hannunsa.

“Ka buɗe ta yadda kowa ke buɗewa mana,” likita ya ce a hankali. “Ta faɗi abin da ke damunta.”

“Za ta faɗa da Faransanci.”

“To? Ba kai ne kake gyara wa 'yan Benin magana ba?”

Na cire umarnin shirun, na danna manhajar kai tsaye. Nan take wani ɗan akwati ya fito da jar alama da layi biyu na rubutu. Na ƙura masa ido, na gyaɗa kai kamar mai nazari, na ce “Hmm.” Wasu biyu suka sake fita. Ardo ya jawo takalminsa kusa da ƙafarsa.

Na miƙe. Muryar da ta fito ba irin ta teburin mai shayi ba ce. Na ce, “Jama'a, ko akwai mai karanta Faransanci?”

Surukina ne ya tashi. Ashe yana yaro ya yi 'yan shekaru a makaranta a tsallake, abin da ko matata ba ta taɓa gaya mini ba. Ya zaro tabarau daga aljihun gaba, ya zauna a kujerata. Ni kuma na rasa yadda zan yi: tsayuwa a kansa rashin kunya ne, don haka na tsuguna a gefensa, kaina daidai gwiwarsa. Ya bi rubutun da yatsa.

“Ta ce kayan ga da anka kawo mata na sittin da huɗu ne, ita ko talatin da biyu ce. Ba ta iya ɗauka.” Ya dube ni ta saman tabarau. “Ka gane mi take nuhi?”

“Na gane, Baba.”

Manhajar iri biyu ce, ta sababbin injuna da ta tsofaffi. Ni ta laftof ɗina na ɗauko, na ɗora wa tsofaffi kayan da ba nasu ba. Maganin shi ne in sauko da ɗayan daga intanet. Amma a Illo waya ba ta san ƙasarta ba. Ina fitowa ta aiko mini da saƙon barka da zuwa Benin. Na hau babur na yi ta gabas, waya a sama kamar mai neman wata, har na sami wani tudu inda netwok ɗinmu ke kamawa da sanda ɗaya. A nan na tsaya ina kallon layin saukarwa yana rarrafe. Sau biyu yana tsinkewa. Daga inda nake ina hango hanya, ina ganin masu fita daga gari, ina ƙoƙarin gane ko akwai farin rawanin ardo a cikinsu.

Da na dawo zauren ya ragu sosai. Ardo na nan, amma a tsaye, surukina na riƙe da hannunsa yana masa magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Ban sake yin girkin shiru ba. Na buɗe manhajar a fili, surukina na karanta tambayoyin yana ce mini “wannan”, ina latsawa. Injin farko ya kawo hoto: saniya tsaye ta miƙe wuya, tana numfashi da ƙyar, murya na bayani. Ardo ya matso, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wani abu, ya nemi kujera. Huɗu kawai muka samu muka girka, mutane suka kewaye su. Ranar wasu sun ba da sunan rugarsu don allura. Waɗanda suka tafi kuwa, sai da surukina ya sake bin su gida-gida, kuma ba duka suka saurare shi ba.

Da aka watse na tsuguna yi masa sallama. Halin mutum jarfa, sai na ji bakina yana cewa, “Baba, ai injunan Faransa taurin kai gare su, amma sun ji a jikinsu.”

Ya naɗe tabaransa ya mayar aljihu.

“A'a, ita ba ta da laihi,” ya ce. “Tun jiya take son hwaɗin abin da ba ta iyawa. Kai ne har yanzu muke jira ka hwaɗi naka.”