Tsinken Kunnen Matar da Ke Jikin Bango

Ni na fara ganinta, tun tana zanen gawayi a bangon asibitin haihuwa, kafin likita, kafin ungozoma. Ni ne mai gadin ƙofar, kuma idon da ya ga yunwa ya tsira ba ya kuskure.

Wanda ya zana ta shi ne Burushi, mai rubuta allunan shaguna. Kullum da hantsi zai iso da tsani a kafaɗa, ya jera gwangwanaye, ya dama fenti da guntun kara. Yanzu hannu ya fara rawa, ya ajiye sana'a. Shi ya sa na sa aka rubuta mini wannan, tunda ko alif ban sani ba.

Uwa da ɗa aka ce ya zana. Sai ya zano mace durƙushe gaban baho tana wankau, goyo a baya, ƙashin wuya a waje, yatsu sun yi fari fat don sabulu. A hujin kunnenta ya sa ɗan tsinke. Masu karatu suka wuce ba su lura ba. Ni kuwa nan take na gane shi. Haka uwata ta yi ranar da ta sayar da 'yan kunnenta muka ci abinci: ta sa tsinke kada hujin ya toshe, wai za ta fanso su. Da tsinkenta aka binne ta.

A gabana sabon shugaban asibiti ya kira shi.

"Baba, matar nan tana tsorata baƙi. Ƙara mata kumatu, ka sa mata 'yan kunne."

Burushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ta abinci, kumatu za su zo da kansu."

Tun ranar aka daina ba shi aiki a nan. Yanzu kuma wai za a shafe bangon.

Burushi, kai ne ka ƙi yi wa yunwa kwalliya. Da kunnena na ji wata mai goyo a layin awo ta nuna bangon ta ce wa ta kusa da ita, "Yaya, wa ya gaya masa labarina?" Na gode, Allah ya saka maka. Masu sana'a, ku yi koyi da shi, ku bar gaskiya da ramarta.

Wanda ke ganin cika baki nake, ya zo da bokitin fentinsa. Na jingina kujerata a bangon. Yunwa ba ta kayar da ni ba, balle shi. Ya fara shafe ni tukuna.