Cikin-Nawa Mai Gyaran Rediyo

Babana bai iya zama ba. Ko a kan kujera yake, ƙafarsa ta dama rawa take yi. Abinci ma a tsaye yake ci, yana kai-komo tsakanin ƙofar ɗaki da bakin famfo, har Inna ta gaji ta ce, "Malam, don Allah ka zauna, kana sa ni jiri." Sai ya ɗosana minti guda, ya tuna wani abu, ya sake miƙewa.

Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, faɗinsa bai wuce mutum ya ware hannu biyu ba. Rediyoyi ne jibge har rufi, rabinsu masu su sun manta da su. Teburin duk tabon dalma, ga sukundireba manya da ƙanana a cikin gwangwanin madara, ga fitila mai lanƙwasasshen wuya. Ya fi shekara talatin a wurin. Kuma tunda sai an kunna rediyo ake sanin ta gyaru, labarai ba sa wuce shi. Wani lokacin uku ne ke magana lokaci guda, shi ne na huɗu.

Ai Baba ba sauraron labarai yake yi ba, faɗa yake yi da su. Mai karatu zai ce hatsarin mota a sabuwar gada ya ninka, sai ka ga ya ajiye abin da ke hannunsa ya fuskanci rediyon kamar mutum.

"Ya ninka daga nawa zuwa nawa? In bara ɗaya ne bana biyu, ai ya ninka. In bara ɗari ne bana ɗari biyu, shi ma ya ninka. Wanne kake nufi? Kuma motoci nawa suka bi ta kai? Cikin nawa, bawan Allah?"

Daga nan sunan ya kama shi. Mai aski, mai faci, tela, duk layin ba wanda ke kiransa sai da Cikin-Nawa. Da fari yana tsaki, daga baya har amsawa yake yi.

Aji huɗu kawai ya yi a firamare aka kai shi koyon gyara, amma wallahi ban ga wanda lamba ke jin tsoronsa kamar shi ba. Ran nan aka ce matsakaicin abin da ma'aikaci ke samu ya haura. Ya leƙa waje ya kira mai faci, wanda ƙaton mutum ne, ya kira tela, wanda iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka. Ya tsayar da su kafaɗa da kafaɗa.

"To, a matsakaici ku biyun wando ɗaya za ku sa. Tela, je ka ɗinka."

Layin ya ɗauki dariya. Mai faci ya ce shi kam ya yafe.

A gida kuwa Inna ce ke shan wahalarsa. Ana cikin cin abinci rediyo za ta ce kashi saba'in cikin ɗari na mutane sun gamsu da kaza, sai ya toshe hanci ya ce, "Kashin wa? Wannan kashin ma tun daga nan nake jin warinsa." Inna ta ture kwano ta ce, "Haba Malam, abinci fa muke ci!" Ni da yayyena muna ta ƙyalƙyala. Akwai kuma shirin da ake buga waya bayan labaran yamma. Baba ba ya fashi. Mai gabatarwa yana jin muryarsa yake cewa, "To, ga mai tambayarmu ya iso."

Sau ɗaya tak lamba ta yi masa wayo, kuma a kaina ne.

Ni ce auta, ni kaɗai ce kuma na kai babbar sakandare. Karatuna ba laifi, amma lissafi ya ƙi ni na ƙi shi, abin da ke ci wa Baba rai ke nan. Shekara biyu a jere labarai suka kawo wata makaranta a bayan tashar mota, wai ɗalibanta sun ci jarrabawar fita ɗari bisa ɗari. Baba bai yarda haka kawai ba. Ya taka da ƙafarsa har ofishin mai makarantar ya yi tambayarsa. Aka buɗe masa takarda: arba'in suka zauna, arba'in suka ci. Ya ƙirga sunayen da yatsa, sau biyu. Ya dawo gida yana sauri kamar ana binsa, ya ce, "Auta, wannan ba kashi ba ce, na gani da idona." Washegari ya mai da ni can.

Mu hamsin da biyu ne a ajin ƙarshe. Wata uku kafin jarrabawa aka yi mana ta gwaji. Da sakamako ya fito aka kira mutum goma sha biyu ofis, har da ni. Mai makarantar ya yi mana magana a tausashe, yana ta murmushi. Wai ba mu nuna ba tukuna, wai don amfanin kanmu ne, mu koma gida mu huta sai baɗi. Ba za a cike mana fom ba.

Ban tafi gida ba, shago na nufa, ina tafe ina kuka a titi ba kunya. Baba ya ji bayanina yana tsaye, ƙarfen narka dalma a hannunsa yana hayaƙi. Can ya ce, a hankali, "Na tambayi nawa suka zauna. Ban tambayi nawa aka hana zama ba." Ya dafe goshi. "Kai! Ni Cikin-Nawa?"

Kwana tara yana zarya. Da safe ya buɗe shago, ya rufe, ya tafi makaranta, a ce mai makarantar ya fita, ya tsaya a baranda yana zagaye har maigadi ya haddace takunsa. Ba ya cin abinci sosai. Ya haɗa wa wani mutum rediyo ya bar batir a waje, mutumin ya dawo yana masifa. A rana ta tara ya ritsa mai makarantar a bakin motarsa. An kai ruwa rana, har malamai suka leƙo ta taga. A ƙarshe mutumin ya ce to, zai bari in zauna, amma a matsayin ɗalibar waje. In na faɗi, ba tasu ba ce.

Sauran sha ɗayan ba su da uba mai naci irin nawa. Suka tafi gida. Wadda muke zama benci ɗaya na gan ta bayan wata guda tana jiran kanti a bakin kasuwa, ta gan ni ta sunkuyar da kai.

A layinmu ba wanda ya san abin da ya faru. Ni na roƙi Inna, Inna ta roƙi Baba, saboda kunya ta ishe ni. Kowace yamma ya zaunar da ni a bayan teburinsa yana koya mini lissafi da ƙananan sukurori, yana faɗa, ina kuka, ya fita ya zaga layin ya dawo mu ci gaba. Na zauna jarrabawa a kujerar can baya, kusa da ƙofa. Kuma na ci. Lissafin da ƙyar na tsallake, amma na ci.

Ranar da aka kawo labarin ina shago. Rediyo biyu ke kunne. Mai karatu ya ce makarantar nan ta sake kafa tarihi, ɗalibai arba'in da ɗaya suka zauna, duka arba'in da ɗayan suka ci. Wakilinsu ya je har can, ya jero sunaye. Na ji nawa da kunnena. Ashe da na ci, na koma tasu.

Gaskiya zan faɗa: daɗi na ji. Irin daɗin da ban taɓa ji ba. Tela ya fito yana tafi, mai aski ya bar kan mutum rabi ya zo yana cewa, "'Yar Cikin-Nawa a rediyo!" Na juya in ga Baba, sai na ga fuskarsa ta canja, hannunsa yana laluben waya a aljihu. An kusa buɗe layin masu kira.

Na riƙe hannun. Na ce, "Baba, don girman Allah."

"Auta, ƙarya ce fa. Sha ɗaya suna gida."

"In ka faɗa, kowa zai san ina cikin waɗanda aka kora. Sau ɗaya dai, Baba. Ka bar mini wannan."

Ya dube ni, ya dubi rediyon. Ya zare hannunsa daga aljihu ba wayar. Mai gabatarwa har cewa ya yi, "Yau ina mai tambayarmu?"

Ya bar mini, amma abin bai bar shi ba. Sati uku bai buga waya ba. Labarai su zo da kowace irin lamba, ya buɗe baki ya rufe. Ya rage sautin rediyoyi har sai ya kara kunne yake gane sun gyaru. Zirga-zirgar kuwa ta ƙaru, ya fita ba dalili ya dawo ba dalili, ya ƙona yatsa sau biyu a rana ɗaya. Mai aski yana tsokanarsa wai tunda 'yarsa ta shiga rediyo ya zama ɗan gidan masu labarai. Baba ya yi yaƙe kawai. Ni kuma ina ganin haka ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, na rasa wanda ya fi. Inna ta ce mini, "Ke kika ɗaure masa baki, ke kika sani."

Wata safiya na kai masa abinci, sai ga mai faci ya shigo yana goge hannu da tsumma. Da ƙyar shagon ya ɗauke mu mu uku. Bai zo da wasa ba ranar.

Ya ce, "Cikin-Nawa, shawara na zo nema, don kai ba a yi maka wayo da lamba. 'Yar wajena za ta shiga babbar sakandare. Ka san ta, kanta bai cika ja ba, amma akwai ƙoƙari. Na ji da kunnena an ce arba'in da ɗaya cikin arba'in da ɗaya, har da ta wajenka. Uwarta ta matsa. In kai ta can?"

Baba ya ɗauki sukundireba ya ajiye. Ya ɗauki wata. Bai kalli mai faci ba, ni ya kalla, kuma ba kallon roƙo ba ne. Alkawari ya yi mini, yana nan a kansa, ko da zai kashe shi. Na san yarinyar. Ita ke gaishe ni kullum da "Yaya, ina kwana", jakarta a rungume a ƙirji.

Na ce, "Kawu, mu hamsin da biyu ne a ajin."

Mai faci ya tsaya. Ya motsa yatsunsa baƙi ƙirin da man taya, yana lissafi.

"To, ina sha ɗayan?"

"Suna gida. Ba a bari sun zauna ba, don kada su ɓata lambar."

"Subhanallahi! Ke kuma Allah ya taimake ki ba kya ciki."

Na ji Baba ya ja numfashi zai tare maganar. Na riga shi.

"Sha biyu aka kora, Kawu. Ni ce ta sha biyun."