Hannun Hagun Murdo Kerse

Duk wanda ya san Murdo Kerse a ƙasar Mackenzie ya san shi da abu biyu, almakashin sausaya da taurin kai. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana aske ulun tumaki a kan tudu, bai taɓa yarda ya riƙe injin aski ba. Mu ma a nan sama ba ma son injin. Muna sausaya ne a watan Agusta, wanda a nan kudancin duniya shi ne hunturu, sanyi na tsaka da cizo, kafin tumaki su haihu. Inji yakan kwashe ulu har fata, ya bar dabba tsirara cikin dusar ƙanƙara, almakashi kuwa yakan bar mata 'yar riga. Shi ya sa irin su Murdo ba su ƙare ba har yau.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka hannun dama ne gwani, tunda shi ke riƙe da ƙarfe. Ya yi kuskure. Hagu ne ke shiga gaba cikin ulu, inda ido ba ya kaiwa, yana lalube, yana miƙe fata, yana nuna wa na dama inda zai bi. Tun Murdo yana ɗan shekara ashirin ake labarin hagunsa. Ni da idona na ga an ɗaure masa fuska da tawul a ranar wani biki, ya aske tunkiya tas ba ko ƙwarzane.

To, wannan hannun ne sanyi ya cinye. Ba rana ɗaya ya yi ba, a hankali ya bi shi. Da farko kan yatsu ne ke yin fari fat da safe kamar kyandir. Daga baya farin ya gangaro har gaɓa ta biyu, yatsun su yi shuɗi, su mutu murus, maɓallin riga ma sai matarsa Noeline ta ɓalla masa. Wata likita a garin Fairlie ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce shekarun sanyi sun sa ƙananan hanyoyin jini sun saba tsukewa, jijiyoyin da ke kai ji kuma suna zaune da yunwa. Ya bar taba, ya riƙa ɗumama jikinsa gaba ɗaya, kuma kada ya kuskura ya tsoma hannu a ruwa mai zafi sosai. Murdo ya ce to, ya fito bakin ƙofa ya kunna taba.

Maganinsa shi ne na 'yan sausaya tun kaka da kakanni: a juye ruwan butar shayi a bokiti, a tsoma hannu, a cije baki. Fata ta yi bororo bai ji ba, cikin yatsun kuwa na nan a mace. Haka ya yi ta yaudarar kansa har bara.

Bara, a gonar Glenys Aitcheson, wadda ke da tumaki dubu huɗu a gindin dutse, yana aske cikin wata tunkiya almakashi ya datse mata kan nono ɗaya. Bai ma sani ba. Wiremu Tainui, abokin aikinsa na shekara talatin, shi ya dube shi daga gefe ya ce a hankali, "Murdo, jini." Tunkiya kan nono biyu gare ta, kuma tana da ciki. Glenys ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗinke wurin da kanta, ta maƙala wa tunkiyar alama rawaya a kunne, sannan ta ce, "Baɗi zan ba ka safiya ɗaya. In aka sake, ka ajiye almakashi ka ɗauki tsintsiya ka koma shara. Ina jin nauyinka, amma tumakina ba su yi maka laifi ba."

Ranar Murdo ya zauna a motarsa ya yi kuka. Kunya ce ta fi ci masa rai, shi da ake kawo baƙi su kalli hannunsa.

Sai taurin kan nan nasa ya juya ya yi amfani. Ya jefa tabar a murhu, ya yi wata biyu yana faɗa da kowa har da kare. Noeline ta saƙa masa rigar ciki mai kauri. Kullum da safe za ka gan shi a bakin titi yana tafe yana wulwula hannuwa don jini ya sauka yatsu, masu wucewa a mota suna ɗaga masa hannu don sun zaci gaisuwa ce. Wata safiya kuma ya tuna da mahaifinsa, wanda kafin a buga ƙararrawar fara aiki yakan shiga shingen tumaki ya cusa hannuwa a hammatar tunkiya, can ƙarƙashin ulu inda babu sai fata mai ɗumi. Lokacin su Murdo suna samari dariya suke yi wa tsohon. Murdo ya ruga bayan gida ya kama ɗaya daga cikin tumaki biyun da Noeline ke kiwo, ya gwada. Bayan kamar minti goma ya shigo kicin a guje yana yarfe hannu.

"Noeline, yana ciwo. Kin ji? Ciwo yake yi kamar ana soka min allura."

"To shi ne kake washe baki?"

"Shekara uku rabon da ya yi min ciwo, mace. Miƙo min allurarki in gani ko zan iya tsince ta."

Ya tsince ta daga kan tebur, sau biyu ma. Sai dai ɗumin ba ya daɗewa. Cikin sanyin rumfar sausaya, kafin ya gama tunkiya ɗaya yatsun za su fara komawa, don haka dole ya sake ɗumamawa a jikin kowace ta gaba. Aikinsa zai ragu, samari za su wuce shi. Ya ce su wuce.

Ranar alkawari ya riga kowa isa gonar Glenys. Ruwan randa ya daskare, numfashin tumaki ya cika rumfar da tururi. Da Wiremu ya shigo ya tarar da shi durƙushe cikin shinge, ya rungume tunkiya ta baya, hannuwa sun ɓace a ulu.

"Kai tsoho, Noeline ta san da wannan?"

"Ita ta ba ni izini. Wannan ko gunaguni ba ta yi."

"Ga bokiti can na tafasa maka."

"Sha abinka. Na gaji da dafa kaina."

Aka buga ƙararrawa. Murdo ya aske ta farko lafiya, ta biyu ma haka. Glenys na tsaye wajen teburin ulu, ta harɗe hannuwa. Ya koma shinge zai kamo ta uku, sai ya ga alama rawaya a kunne. Ta yi ƙiba, cikinta ya tsufa. Ashe Glenys ba ta sayar da ita ba, ta bar ta ta shayar da ɗanta da nono ɗaya, ga shi ta sake ɗaukar wani cikin.

Wiremu ma ya gani. Ya matso ya rage murya.

"Bar min ita, mutumina. Babu wanda zai ce komai. Ka ɗauki waccan mai taushin fata."

Shawara ce mai kyau, kuma Murdo ya san haka. In ya datse kan nonon da ya rage, tunkiyar ta gama amfani, ɗan da ke cikinta ba shi da abin sha, shi kuma tsintsiya.

"Ni na ɓata ta, Wiri," in ji shi. "Ni zan aske ta."

Ya durƙusa ya cusa hannuwansa a hammatarta. Ya jira. Almakasan sauran suna ta ƙyas-ƙyas, wani ya sallami tunkiya ya kamo wata, shi yana nan durƙushe. Can sai allurar nan ta fara sukar sa, daga tafin hannu har ƙarshen farce, zafi mai sa hawaye. Ya ƙyalƙyale da dariya shi kaɗai. Ya jawo ta waje, ya zaunar da ita tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗauki almakashi.

Ciki ake fara askewa. Hagunsa ya nutse cikin ulu mai maiƙo, ya gangara sannu. Ya ji tabon ɗinkin bara, ɗan tudu mai tauri. Ya matsa gefe kaɗan, sai ga ɗaya kan nonon a ƙarƙashin yatsa, ɗan ƙarami, mai laushi, mai ɗumi. Ya rufe shi da yatsu biyu, almakashi ya bi ta sama ya wuce, ulun ciki ya faɗi ƙasa fari sol.

Maimakon ya ci gaba, sai aka ga ya tsaya cak, tafin hagunsa shimfiɗe a kan cikin tunkiyar. Wiremu ya ajiye almakashinsa. Glenys ta taho da sauri tana laluben zaren ɗinki a aljihu.

"Ina ka yanka?" ta tambaya.

Murdo ya ɗago kai, hawaye na bin gemunsa, bakinsa har kunne.

"Ban yanka ba. Ɗan ne ya shure ni daga ciki. Glenys, na ji shi."